Yadda Ake Zaɓen Taya Mai Ƙarko Don Tafiyar Daji Da Sahara

Yawancin waɗanda suka sayi Hilux ko Land Cruiser suka fara shiga daji, abin da suke fara dubawa a shagon taya shi ne zane. Da sun ga taya mai manyan haƙora sai su shafa ta da hannu su ce wannan ce ta daji. To amma tayar da ke mutuwa tsakanin Agadas da Dirku, ko a hawan Mambila, ko a hanyoyin ƙauyukan Yobe, galibi ta gefe take mutuwa. Dutse ya tsaga gefen, ko kututture ya soke shi, ko lodi da zafi su haɗu su fasa shi. Huda a tsakiyar taya, mai faci zai gyara maka kana tsaye. Gefe kuwa idan ya tsage, taya ta gama aiki ko da jiya ka saye ta. Saboda haka gefen taya shi ne abin da za ka fara saye, zane ya biyo baya.

Da farko, san hanyar da ka fi bi

Taya iri uku za ka tarar a kasuwa, kuma an rubuta irin kowacce a jikinta. Mai H/T ta kwalta ce, da ita yawancin motoci suke fitowa daga kamfani. Mai M/T ta taɓo ce, ita ce mai manyan haƙoran da ke ɗaukar ido. Mai A/T tana tsakani, ta kwalta da burji da rairayi.

Ni dai a wurina, duk mai tafiya mai nisa A/T zai saya. Mutumin da zai tashi daga Kano zuwa Gembu, ko daga Damagaram zuwa Bilma, sai ya cinye ɗaruruwan kilomita a kan kwalta da burji kafin ya kai wurin da ke da wuya. M/T a kwalta ƙara take yi, tana shan mai, tana saurin suɗewa, kuma idan an yi ruwa ba ta kama birki yadda ya kamata. A rairayi ma haƙa take yi maimakon ta hau sama, ka taka totur kaɗan ka ga mota ta nutse. Wanda ya cancanci M/T shi ne wanda aikinsa ke cikin baƙar lakar fadama da damina, irin ta yankin Haɗeja da Nguru, inda laka ke cike zanen A/T ta mayar da ita sumul. Idan wata biyu kacal a shekara kake shiga irin wannan wuri, kada ka wahalar da kanka sauran wata goman.

Na biyu, sayis da rim

Ɗauki misalin 265/65R17, sayis ɗin da Hilux da Prado da yawa ke zuwa da shi. Lamba 265 faɗin taya ne da milimita, 65 na nufin tsayin gefe kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman rim ne da inci. Idan ka lissafa, gefen wannan taya ya kai milimita 172. Wanda ya sauya rim ya koma inci 20 don ado, ya sa 265/50R20, tsayin ƙafar baki ɗaya kusan ɗaya ne, amma gefensa ya ragu zuwa kusan milimita 132. Wannan milimita 40 da ya rasa shi ne abin da ke tsakanin dutse da rim idan ya faɗa rami. Motar daji rim 16 ko 17 take so, ba ta wuce nan.

Kada kuma ka yi kwaɗayin ƙara girma sosai. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 ƙari ne na kusan kashi 3 cikin ɗari, motoci da yawa suna ɗauka, sai dai mitar gudu za ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka. Fiye da haka taya ta fara gogar jikin mota idan ka karya kan sitiyari ko ka yi lodi, mota ta rasa ƙarfi a hawa, safaya ta ƙi shiga mazauninta. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: idan taya ta mutu maka a ƙaramin gari, sayis ɗin da motocin garin ke amfani da shi kaɗai za ka samu. Shi ya sa har yau direbobin sahara ba su rabu da 7.50R16 ba. Siririya ce, doguwa, kuma kusan ko'ina Land Cruiser ke zuwa ana samunta.

Na uku, karanta gefen taya, nan ake faɗuwa

A wannan mataki na fi ganin sababbin shiga suna asarar kuɗi, don haka zan daɗe a kansa.

Taya biyu za su iya zama kamfani ɗaya, suna ɗaya, zane ɗaya, sayis ɗaya, amma ɗaya ta ƙaramar mota ce ɗaya ta lodi. Bambancin haruffa biyu ne. Wadda aka rubuta LT kafin sayis ɗinta, kamar LT265/65R17, an gina ta ne don motar ɗaukar kaya, da zare mai kauri da roba mai yawa. Haka ma wadda ke da harafin C a ƙarshen sayis, kamar 205R16C. Wadda ba ta da ko ɗaya, ko aka sa mata P a gaba, ginin tayar ƙaramar mota gare ta, komai girman haƙoranta. Mai shago zai iya miƙo maka ta ƙaramar motar saboda ta fi araha kuma ta fi saurin fita. Ka tsuguna ka duba da idonka.

Bayan sayis akwai lamba da harafi, misali 112S ko 120/117S. Lambar ita ce nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka: 112 kilo 1,120 ne, 115 kilo 1,215, 120 kuma kilo 1,400. Idan ka ga lamba biyu, ta farko ce taka, ta biyun ta motar da ke haɗa taya biyu-biyu a baya ce. Harafin kuma iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190. Harafin gudu bai dame ka sosai ba a daji. Lambar lodi ce abin lura, kuma kada ta taɓa yin ƙasa da wadda kamfanin motarka ya rubuta a jikin ƙofar direba.

Ga dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kan wannan. Zauna ka lissafa abin da kake ɗorawa. Duro ɗaya na ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin duron. Ƙara jarkokin mai, da safaya biyu, da abinci, da kayan aiki, da mutane. Kusan duk wannan nauyi a kan ƙafafun baya biyu yake sauka. Tayar da aka cika wa lodi gefenta lanƙwasawa yake yi yana miƙewa a kowane juyi, lanƙwasawar nan tana haifar da zafi, ga zafin ƙasa na watan Afrilu da Mayu, ga gargada tana dukanta ba hutu. Zaren ciki ya fara rabuwa da roba, sai kumburi ya fito, sai fashewa. Direba ya ce tayar ba ta da kyau, alhali lodin da ba nata ba aka ɗora mata.

Sai maganar filai, wato shimfiɗun zare da waya na cikin taya, wadda 'yan kasuwa suka fi yawan kira. Za ka ga an rubuta 6PR, 8PR ko 10PR, ko kuma harafi: C daidai yake da 6, D da 8, E da 10. Mutane da yawa suna zaton 10PR na nufin an jera shimfiɗa goma a cikin taya. A da can, lokacin zaren auduga, haka abin yake, amma yanzu ma'aunin ƙarfi ne kawai. Ainihin shimfiɗun an rubuta su da ƙananan baƙaƙe kusa da bakin rim. Nemi inda aka sa kalmar TREAD, nan za a faɗi na tsakiya, yawanci biyu na zare biyu na waya ɗaya na nailan. Sannan nemi kalmar SIDEWALL, nan ne amsarka take. Yawancin taya shimfiɗa biyu gare su a gefe. Mai uku ita nake nema wa duk wanda zai bi duwatsun Azbin, ko dajin da aka sassare itatuwa aka bar kututture, ko inda ƙayar aduwa da bagaruwa ke zube. BFGoodrich KO2 a sayis-sayis da yawa na LT tana da uku, Cooper S/T Maxx ma haka. Bridgestone Dueler, Yokohama Geolandar, Toyo Open Country da Maxxis duk suna da A/T masu kyau, amma a kowane kamfani sai ka karanta jikin tayar da ke gabanka, domin sunan kaɗai ba ya faɗa maka ginin.

Mai 10PR tana da nata farashin ban da na kuɗi. Tana da nauyi, tana da tauri, mota ba lodi za ta riƙa tsalle da kai a gargada. Kuma kilo 1,400 ɗin nan da aka rubuta, sai an ba ta iska har 80 a gejin Nijeriya (psi) take ɗaukarsa. A iska daidai da ta tayar ƙaramar mota, LT ba ta fi ta ɗaukar kaya ba, shi ya sa take buƙatar ƙarin iska idan an yi lodi. Mota mara nauyi irin Suzuki Jimny, 6PR ta ishe ta. Hilux ko Land Cruiser mai lodi, 8PR ko 10PR. Ƙarfin taya kuma ba ya ƙara wa sifirin da gindin mota ƙarfi, iyakar lodin motar tana nan inda take.

Na huɗu, shekarar ƙira

Nemi haruffan DOT, ka bi layin zuwa ƙarshe, za ka ga lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai ka juya tayar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira, Michelin kuma na cewa a riƙa dubawa duk shekara bayan shekara biyar, a cire idan ta kai goma. A zafin ƙasarmu, ni ba na sayen sabuwar tayar da ta haura shekara biyu a ajiye. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya rufe tasa ta Legas a 2008, daga waje ake kawo mana taya, ta sha zama a jirgi da sito kafin ta iso shago. Wasu masu shigo da kaya kuma suna cusa taya cikin taya don rage kuɗin kwantena, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya. Ka tsayar da ita a ƙasa ka duba bakin. Idan ba zagaye yake sosai ba, bar ta.

Gwanjo kuwa, na san tsadar sabuwa ce ke kai mutane can, kuma taya biyar masu LT kuɗi ne mai yawa. Amma tayar da aka yi don ƙasar sanyi, ta tsufa, ba ka san dutsen da ta daka ba, ba abin shiga saharar Tenere ta Nijar da ita ba ne. Idan kuɗi bai kai manyan sunaye ba, sayi sabuwar LT ta ƙaramin kamfani mai shekarar ƙira ta kusa. Ta fi tsohuwar babban suna.

Sauran abubuwa

Biyar za ka saya, duk iri ɗaya sayis ɗaya, idan sahara ce shida. Motar da ke jan ƙafa huɗu ba ta son ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsayi, giya ce ke shan wahalar. A sa sababbin bawul, a yi balansin da alaimen tun ranar farko. Ka riƙa juya ƙafafun duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, safaya ma ta shiga layi.

Iska ita ce rabin ƙarkon taya. A kwalta bi abin da ke jikin ƙofa, ka ƙara idan LT ce da lodi. A burji da gargada rage zuwa wajen 26 ko 28 ka rage gudu, a rairayi mai laushi 16 zuwa 18. Ƙasa da 15 taya na iya zamewa daga rim idan ka karya kwana da ƙarfi. Gejin Nijar yawanci da bar yake aunawa, bar ɗaya kusan 14.5 ne a gejin Nijeriya. Da ka hau kwalta, tsaya ka mayar da iska nan take, domin gudu da taya mara iska shi ne hanya mafi sauri ta cinye gefen da ka biya kuɗi mai yawa a kansa. Wannan na nufin sai ka riƙe gejinka da famfon da ke aiki da batirin mota, da igiyar faci ta tubules, da katako mai faɗi na ɗora jak a rairayi. Ka auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, kuma duk inda aka tsaya salla ko shan shayi ka zagaya motar ka shafa gefen kowace ƙafa, ciki da waje, kana neman tsaga ko kumburi.