Babi na Shida: Tsokokin da ke Cikin Kan Tsutsa

Darasi na 1: Tsutsa mai cin ganye

Ku samo tsutsar malam-buɗe-littafi tare da ganyen da kuka tarar da ita a kai, ku dubi gabanta da gilashin ƙara girman abu. Ɗan abin nan mai tauri da sheƙi shi ne ƙoƙon kai. Tsutsa ba ta da ƙashi a cikin jiki kamar mu, saboda haka tsokokin kanta a jikin wannan ƙoƙo suke manne ta ciki. A ƙarni na 18 wani masani a ƙasar Holan mai suna Pierre Lyonet ya feɗe wata tsutsa mai cin itace, ya ƙirga tsoka fiye da 4,000 a jikinta, sama da 200 daga ciki a kai kaɗai. Kada wannan ya tsorata ku, biyu kawai za mu koya yau.

Ga wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe. Tsoka ja take yi, ba ta turawa, kamar igiyar guga. Ku maimaita da baki: ja take yi, ba ta turawa. Tunda haka ne, kowane muƙamuƙi yana buƙatar tsoka biyu, ɗaya ta ja shi ya rufe, ɗaya ta ja shi ya buɗe. Mai rufewa ita ce babba, har ta cike mafi yawan ƙoƙon kan, domin ita ke yanke ganye. Mai buɗewa ƙarama ce, aikinta ba shi da nauyi. Yanzu ku ɗaga tafukanku biyu a gaban baki, ku haɗa su, ku raba su. Haka muƙamuƙan suke motsi, daga gefe zuwa tsakiya, ba sama da ƙasa ba. Wanda bai gane ba ya sake gwadawa, sannu ba ta hana zuwa. Amma duk wanda ya sake rubuta cewa tsoka ce ta tura muƙamuƙi ya buɗe, to bai saurara ba, kuma ba girmansa ba ne. Ja take yi.

Darasi na 2: Tsutsar ƙuda

Wannan ba ta da ƙoƙon kai a waje, kan ya shige cikin jiki. Baƙin abin da kuke hangowa ta cikin fata wani ɗan tsari ne mai tauri, kuma a jikinsa tsokoki suke kamawa. Suna motsa ƙugiyoyi biyu da ke bakinta sama da ƙasa, saɓanin tsutsar ganye, wasu kuma suna buɗe maƙogwaro ya zuƙo abinci mai ruwa-ruwa. Nan ma ja suke yi.

Darasi na 3: Tsutsar sauro

Tana da cikakken ƙoƙon kai. Tsokoki suna kaɗa gashin bakinta, ruwa ya kawo mata abinci. Ku zana ta a littafinku.