Yadda za ka yi kwana uku a Salvador ta Brazil, garin da ake soya ƙosai da manja

Duk wanda ya ji zan je Brazil sai ya ce min Rio ko? Ko wajen ƙwallo? A'a, Salvador na je, babban birnin jihar Bahia, kuma in kwana uku kawai gare ka ni dai nan zan tura ka, don a can ne za ka ci abinci ka ji kamar kana bakin kasuwar Birnin Kebbi.

Fara da takardu. Biza dole ce ga ɗan Najeriya, ofishin jakadancinsu na Abuja, ka tafi da katin rigakafin shawara ma. Ni ta Abuja na bi zuwa Addis Ababa, daga nan Sao Paulo, sai ƙaramin jirgi na cikin gida kusan awa 2 da rabi. Mun riga su da awa 4, in ka kira gida bayan isha'in can to ka tada mutane daga barci. Harshensu Fotugis ne kuma Turancin nan da muke taƙama da shi ba ya aiki sosai a titi, ka sauke Google Translate a waya tun kana gida. Kada ka sa tafiyar lokacin kanibal, wato babban bikinsu na kiɗa da rawa a titi, wajen Fabrairu ko farkon Maris, otal tsada ga cunkoso ga abin da ido bai kamata ya gani ba.

Ranar farko ka ba tsohon gari, Pelourinho, ka je da safe. Salvador shi ne babban birnin Brazil na farko, daga 1549 har 1763, gidaje masu fenti kala kala, hanya duk dutse ce ga hawa da gangara, saboda haka ka ajiye takalmin zuwa biki ka sa kambas. Sunan Pelourinho ma asalinsa turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala ne, kuma nan ne jikina ya yi sanyi wallahi, don cikin bayin da aka kai akwai Hausawa da yawa, musamman waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, wato daga wannan ƙasar tamu ta Gobir da Kabi da Zamfara. Hausawa ne suka shirya tawayen 1807, sannan a Janairun 1835 cikin azumi bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu a wuya suka yi tawayen da ake kira na Male, aka murƙushe su kafin gari ya gama wayewa, rubutun Larabcin da aka samu a jikinsu har yau yana ajiye a ma'ajiyar tarihi ta jihar. Ka shiga gidan tarihi na Afro-Brasileiro da ke dandalin Terreiro de Jesus, awa ɗaya ta isa. Daga nan ka sauka ƙasan gari da Elevador Lacerda, wani lif ne tun 1873 mai tsawon mita 72, yana sauke ka dab da kasuwar Mercado Modelo inda ake sayen tsaraba, kuma ana taya kaya, kada ka biya kuɗin farko.

Masu ɗaura wa mutum zare mai launi a hannu su ce kyauta ne, ba kyauta ba ne, ka ce "não, obrigado", wato a'a na gode, ka wuce. Waya kuma cikin aljihun gaba, ka ɗauki hoto ka maida, da dare ka kira Uber kada ka ce za ka taka lungu.

Abinci yanzu, nan ne labarin yake. Za ka ga mata da fararen kaya da ɗankwali zaune gaban kasko, abin da suke soyawa acarajé, ƙosai ne sak na farin wake, sai dai a manja ake soya shi kuma ya kai dunƙulen hannu, a tsaga shi a cusa jatan lande da miyar kuɓewa da suke kira caruru. In mai suyar ta tambaye ka "quente" ba zafin wuta take nufi ba, yaji ne, Bakabe ai sai ya amsa da i. Abará kuma alale ne a ganyen ayaba. Farofa garin rogo ne da aka soya, amma shi ka tambaya, wasu suna sa naman alade. Mu mutanen Argungu ba a burge mu da kifi, amma moqueca ta burge ni, kifi ne a ruwan kwakwa da manja da tumatir cikin tukunyar ƙasa, tana zuwa tana tafasa, kwano ɗaya na cin mutum biyu. Feijoada kam ka bar musu, alade ne. Ka haddace porco, bacon, presunto, linguiça, calabresa, sunayen naman alade ne, duk ka guje su, har waken da ake ba da shi da shinkafa sau da yawa da su ake dafawa. Ni kifi da 'ya'yan itace na riƙe kwana ukun nan ban ji yunwa ba.

Rana ta biyu in ta faɗo Juma'a akwai cibiyar Musulunci ta Bahia a unguwar Nazaré, ƙaramin wuri ne, sauran salloli ka yi ƙasaru a otal da alƙiblar waya. Da yamma ka tsaya kallon capoeira, kamar dambe ne aka haɗa da rawa, ƙafa suke kaiwa ba hannu ba kuma ba a taɓa juna, ɗan damben Zamfara zai ce wasan yara ne har sai ya ga ƙafa ta wuce saman kansa. In ka ɗauke su bidiyo za su miƙo hula, ka tanadi canji.

Rana ta uku kada ka cika ta. Ka yi barci, ka gama tsaraba, la'asar ka nufi Farol da Barra, hasumiyar fitilar jiragen ruwa a bakin teku, ka sayi ɗanyar kwakwa mai sanyi ka zauna kan ciyawa, rana na faɗuwa cikin ruwa mutane su kama tafi kamar an ci ƙwallo. Bakin ruwan wanka da ke kusa kuwa, in da iyali ka je, ku bi ta ɗaya gefen titin.