Kai Kaɗai Ko Cikin Jama'a? Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Yadda Za A Yi Atisayen Natsuwa

Yawancin waɗanda suka fara atisayen natsuwa, wato zaman zuzzurfan tunanin da ake tattara hankali a kan numfashi ko a kan abin da jiki ke ji, ba wahalar abin ce ke korarsu ba. Tun wajen zaɓen inda za su zauna da waɗanda za su zauna da su suke yin tuntuɓe. Mai kunya ya ce shi a ɗakinsa zai yi abinsa, mai son mutane ya ce shi sai cikin jama'a. Kafin wata ya zagayo, na farkon ya watsar don babu mai tambayarsa, na biyun kuwa yana nan yana zuwa aji duk mako, amma ko minti biyar bai taɓa zaunawa shi kaɗai ba.

Babban kuskuren ke nan: mutum ya bi halinsa ya bar matsalarsa. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne, me ke kayar da kai? In ka san yadda ake yi amma kullum sai ka ce sai gobe, rashin mai sa maka ido ne ke damunka, kuma rukuni mai tsayayyen lokaci ne zai ɗaure ka, ko da ba ka son shiga mutane. In kuwa a cikin jama'a hankalinka ke kwanciya, da ka koma gida sai ya tarwatse, ƙarin aji ba zai tsinana maka komai ba. Zaman kaɗaici ne ka rasa.

Kuskuren da ke manne da wannan shi ne ɗaukar abin a kan dole a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Tsarin da aka fi yin bincike a kansa, wanda ake kira MBSR, wato rage damuwa ta hanyar atisayen natsuwa, bai raba su ba. Jon Kabat-Zinn ne ya kafa shi a 1979 a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, don marasa lafiyar da ciwo mai daɗewa da damuwa suka addaba. Mako 8 ake yi. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa 2 da rabi, sai yini guda na zaman shiru wajen mako na shida. Amma kowa ana ɗora masa aikin gida na minti 45 a rana, kwana 6 a mako. Yi lissafi da kanka: awa 2 da rabi a aji, awa 4 da rabi a gida. Ko a tsarin da aka san shi da zaman rukuni, mafi yawan zaman kai kaɗai za ka yi shi. A aji ake nuna maka, a ji inda ka karkace a gyara maka, aikin kansa kuwa a gida yake.

To, mu ɗauki mai yi shi kaɗai, don nasa kurakuran sun fi ɓoyuwa.

Ka zauna, ka rufe ido, ka bi numfashi ɗaya, biyu, uku. Kafin na huɗu ka tuna saƙon da ba ka amsa ba. Daga nan ka tsinci kanka kana mayar wa wani martanin maganar da ya yaɓa maka shekaranjiya, har kana gyara kalmomin don su fi zafi. Can sai ka farga, ka buɗe ido ka duba agogo, ashe minti 4 kacal aka yi. Sai ka yanke hukunci: ni dai ba zan iya ba, kaina ba ya yin shiru. Nan mutane da yawa ke ajiyewa, alhali babu wanda ya ce sai kai ya yi shiru. Wannan fargar da ka yi, da mayar da hankali kan numfashi ba tare da ka tsawata wa kanka ba, ita ce atisayen gaba ɗaya. Ka yi ta sau 20 a zama ɗaya, ka yi aiki sau 20 ke nan. A 2010 masu bincike biyu a Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bi diddigin mutum 2,250 ta wayoyinsu, suka samu cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin da aka tambaye su, hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Haka kan ɗan Adam yake. Amfanin rukuni ga sabon shiga a nan yake fitowa, kuma a ganina ya fi duk sauran amfaninsa: bayan zama, sai ka ji dattijon da ke gefenka ya ce shi ma lissafin bashi ya yi ta yi tun daga farko har ƙarshe. Abin da ka ɗauka aibinka ne kai kaɗai, sai ka ga na kowa ne.

Akwai kuma mai ɗaukar gyangyaɗi a matsayin natsuwa. Ya kwanta a gado da dare bayan gajiyar yini, ya rufe ido, ya ji komai ya yi luf, ya ce yau kam na yi nisa. Barci ne ya sace shi. Malami zai gane daga yadda kai ke sunkuyawa, amma a ɗaki babu mai gani. Gyaran mai sauƙi ne: a zauna a miƙe da baya, a kan kujera ma ya yi, a bar ido a ɗan buɗe yana kallon ƙasa, a mayar da zaman lokacin da jiki ke da ƙarfi.

Manhajar waya tana taimakawa, sai dai ba ta maye gurbin mutum. Ba ta ganin yadda ka zauna, ba ta amsa tambaya, kuma in ka daina ba abin da za ta yi sai aiko maka da tunatarwar da za ka share da yatsa. Wani nazari da aka buga a 2019 kan manhajoji 93 na lafiyar ƙwaƙwalwa ya nuna cewa bayan kwana 30, kimanin mutum 3 ne cikin 100 ke ci gaba da buɗe su. Ga shi kuma a cikin na'urar da ta fi komai ɗauke maka hankali take. In za ka yi amfani da ita, kashe sanarwar sauran manhajoji tukuna, ka kifa wayar.

Mai zuwa rukuni shi ma da nasa. Na farko mun taɓo shi, wato mayar da halartar aji tamkar shi ne atisayen. An ga haka ƙarara a wani babban gwaji a Birtaniya mai suna MYRIAD, wanda sakamakonsa ya fito a 2022. An koyar da ɗalibai atisayen natsuwa a aji, gwajin ya ƙunshi yara sama da 8,000 a makarantu fiye da 80, amma ba a ga ya fi darussan da aka saba yi amfani ga lafiyar ƙwaƙwalwarsu ba, kuma akasarin yaran ba su yi na gida ba. Yara ne, ba su suka zaɓa ba, don haka ba za a ɗora wannan kai tsaye a kan manya ba. Duk da haka, duk wanda aka ja shi aji don abokinsa ko matarsa na zuwa, ya dubi kansa a nan.

Na biyu shi ne satar kallo. Ana tsakiyar zama ka ɗan buɗe ido, ka ga ta gabanka ta miƙe ƙyam ko motsi ba ta yi, kai kuwa ƙafarka ta yi sanyi, gwiwa na zugi, ga tari ya tokare maka maƙogwaro kana ta haɗiye shi don kada a ji. Sai ka daure don kunya, sauran mintunan duk su tafi a kan yaƙi da ƙafa. Ita wadda kake sha'awar kuwa wataƙila kallon kitse kake yi wa rogo, don ba ka san inda hankalinta ya tafi ba. Gyara ƙafarka a hankali, yi tarinka, nemi kujera tun farko. Ciwon da ke ƙaruwa a gaɓa, ko sanyin ƙafar da bai wuce ba bayan ka miƙe, ba abin daurewa ba ne.

Wani tsallen da ake yi shi ne daga babu komai zuwa zaman keɓewa na kwanaki. Kwasa-kwasan Vipassana, wata hanyar zuzzurfan tunani mai asali a addinin Buddha, na tsarin malamin nan S. N. Goenka, wanda babbar cibiyarsa ke Igatpuri a Indiya, kwana 10 ake yi. Ana tashi ƙarfe 4 na asuba, a yi kusan awa 10 a zaune kowace rana, ba magana tsakanin ɗalibai, waya ma sai an miƙa ta. Suna karɓar sabbin shiga, kuma da yawa suna kammalawa. Amma wanda bai taɓa zaman minti 15 ba gara ya fara a gida na wasu makonni ya san jikinsa. Kada kuma ya ɗauka kwana 10 sun ishe shi shekara, don su kansu masu tsarin suna cewa a ci gaba da awa ɗaya safe, awa ɗaya yamma.

Sai kuskuren shiga rukuni ba tare da tambaya ba, wanda mutane ke jin nauyin yi. Da yawa daga cikin waɗannan hanyoyi daga addinin Buddha ko na Hindu suka samo asali. Wasu, irin na asibitoci, an cire musu ibadun, an bar atisayen hankali zalla. Wasu kuwa suna nan da rera baitoci da rusunawa. Tsarin TM (Transcendental Meditation) na malamin Indiya Maharishi Mahesh Yogi, misali, malami ne ke ba ka kalmar da za ka riƙa maimaitawa, kai da shi kaɗai, bayan wani ɗan biki na girmama malaman tsarin, sannan ka riƙa yin minti 20 sau biyu a rana. Wanda wannan ya shafi aƙidarsa yana da haƙƙin ya sani kafin ya zauna. Tambayi me ake yi daga farko har ƙarshe, ina malamin ya koya, shekara nawa yana yi. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce hanyarsa na warkar da kowace cuta, ko ya ce ka bar maganin da likita ya rubuta maka, ko kullum akwai wani mataki na gaba da sai ka ƙara kuɗi, tashi ka ba shi wuri. Abin da bincike ya tabbatar bai kai haka ba: masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 a 2014, abin da suka samu shi ne matsakaiciyar shaida cewa yana rage fargaba da baƙin ciki da jin ciwo.

Mafi nauyin kurakuran shi ne ɗaukar cewa zama shiru ba ya cutarwa. A 2017 Jared Lindahl da Willoughby Britton na Jami'ar Brown sun buga hirarrakin da suka yi da mutum 60 da suka gamu da matsala ta dalilin irin wannan zama: tsoro, rashin barci, dawowar tsohon tashin hankali, jin kamar jikinka ba naka ba ne. Wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali, ko yake fama da firgici ko matsananciyar damuwa, kada ya fara da dogon zama shi kaɗai, kada kuma ya faɗa babban taron da malami ba zai san da shi ba. Ƙaramin rukuni ko malami ɗaya mai horo ya fi masa, da sanin likitansa. In ana cikin zama ka ji zuciya na dukan uku-uku, buɗe ido, taka ƙasa da tafin ƙafa, dubi abubuwan da ke ɗakin, ka tashi. In ya maimaitu, dakata ka nemi ƙwararre.

Saura gaggawar yanke hukunci. Mutum ya gwada gida kwana uku ya ce bai yi ba, ya leƙa aji sau ɗaya ya ce malamin bai yi masa ba. Binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ta. Don haka ba kowane tsari wata biyu kafin ka ce komai: minti 10 a rana a lokaci ɗaya, wuri ɗaya, da zama ɗaya a mako tare da wasu. In babu rukuni kusa da kai, akwai masu haɗuwa kai tsaye ta intanet, kuma mutum biyu ma sun isa, muddin sun tsayar da rana da lokaci, kuma wanda bai zo ba za a kira shi a ji dalili.