Darasi na 7: Ciwon zuciya da tiyata ga wadanni

Toh da farko dai mu san cewa wadanni ba iri ɗaya ba ne. Likitoci suna kiran babban mutum wada in tsayinsa bai wuce santimita 147 ba, kuma abubuwan da ke jawo haka suna da yawa sosai. Wanda ya fi yawa shi ne akondiroflasiya, inda ƙasusuwan hannu da ƙafa basa tsawo amma gangar jiki kusan daidai take da ta kowa. Kusan yara 8 cikin 10 masu wannan, iyayensu masu tsayi ne irin na kowa, saboda haka ba laifin uwa bane ba na uba ba.

Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2007 bayan an bi masu akondiroflasiya shekara 42, ya nuna mutuwa ta ciwon zuciya tsakanin shekara 25 zuwa 35 ta ninka ta sauran mutane fiye da sau 10. Matasa kenan fa, waɗanda ba wanda zai kawo musu ciwon zuciya a rai.

Me ke wahalar da zuciyar? Ƙiba na ciki, don kilo kaɗan ma nauyi ne babba a gajeren jiki, ga ciwon baya da na ƙafa da ke hana mutum yawan tafiya. Sai minshari, wanda ni a ganina shi aka fi rainawa. Hanyar iska a hanci da maƙogwaro ƙarama ce, sai numfashi ya dinga ɗaukewa cikin barci mutum bai sani ba, iskar da ke cikin jini tayi ƙasa, a hankali jinin jijiyoyin huhu ya hau, ɓangaren dama na zuciya ya gaji. In mutum yana minshari mai ƙarfi, yana tashi da ciwon kai, da rana yana ta gyangyaɗi, a je asibiti kar a ce ai haka yake tun yana yaro.

Awon hawan jini ma akwai matsala. Damtsen gajere ne, abin ɗaurawar baya zama daidai sai lambar ta fito ba gaskiya ba, shi yasa wasu likitoci ke ɗaurawa a ƙasan gwiwar hannu. Ku tambaya a yi muku haka, ba rashin kunya bane.

Akwai kuma wani nau'i da ake kira Ellis-van Creveld, yaran kan zo da yatsa na shida a hannu, kuma kusan rabinsu ko fiye ana haifarsu da matsalar zuciya, galibi bangon da ya raba ɗakunan sama biyu na zuciya ne babu ko ya huje. Jariri mai irin wannan alama a yi masa hoton zuciya da wuri.

Ana yi wa wadanni tiyatar zuciya kuma suna tashi lafiya, sai dai shirin ya fi yawa. Mai allurar barci shi ya fi kowa aiki, domin ramin da laka ke bi a gindin ƙoƙon kai matsattse ne, in aka lanƙwasa wuya baya da ƙarfi wajen sa bututun numfashi ana iya danne lakar. Don haka ake duba wuya tukunna a kuma tanadi ƙananan bututu. Injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata da girman jiki ake saita shi ba da shekaru ba, haka ma magani. In jijiyar ƙafa za a ciro a yi wa jini sabuwar hanya, gajeriya ce, sai an lissafa ko zata isa.

Kafin ranar aiki ku faɗa wa likita in hannu ko ƙafa na yin sanyi ko mutuwa, ko an taɓa yi muku aiki a wuya ko baya, ku kuma tafi da duk takardun asibiti na baya.