Gwajin jini na alajin sha'ir da alkama, yadda za ka bi kar ka yi asarar kuɗi

Da azumin bara ɗan ƙanwata ya sha rabin kwalbar Maltina bayan shan ruwa, ko minti 20 ba a yi ba leɓensa ya kumbura, jiki duk ya yi ruɗu-ruɗu yana ta susa yana kuka. Inna ta ce borin jini ne a shafa mai manja zai kwanta. Ya kwanta kuwa, amma da aka ba shi Milo bayan sati biyu abin ya dawo. Can muka gane su biyun duk da sha'ir ake yin su, mu kuma nan Sakkwato wa ke tunanin sha'ir, gero da dawa muka sani.

To in irin wanga ya same ka, kafin ka je ko'ina samo ɗan littafi. Rubuta mi aka ci, ƙarfe nawa, bayan minti nawa abin ya taso, kuma mi ka gani, kumburi ne ko amai ko tari. Ka ɗauki hoto da waya don kafin ka kai gaban likita fatar ta koma daidai. Alaji, wato jiki ya ƙi wani abinci ya yi bore, irin wanda gwajin jini ke kamawa yawanci cikin mintuna yake tasowa zuwa awa 2, shi ya sa lokacin ke da muhimmanci sosai.

Sai ka ga likita tukuna, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wanda ya fi kusa da kai, kar ka wuce ɗakin gwaji kai tsaye ka ce a gwada maka komai da komai. Sunan gwajin IgE na abinci ɗaya-ɗaya, kowanne da lambarsa, alkama f4, sha'ir f6, masara f8, shinkafa f9. Abin da littafinka ya nuna shi za a zaɓa. Ka tambaya tun farko ko nan za a yi ko sai an tura jinin Abuja ko Legas, da kwana nawa zai ɗauka, da kuɗin kowanne ɗaya don da ɗaiɗai ake lissafi.

Ɗibar jinin ba wani abu ba ne, ɗan kaɗan ne a hannu, ba sai an je da yunwa ba. Kuma ko yaro na shan Piriton ba ya ɓata gwajin jini, na fata da ake ɗan tsaga shi ne sai an dakatar da maganin kwanaki.

Inda nake so a natsu shi ne karanta takardar. Za ka ga lamba, ƙasa da 0.35 galibi ana ɗauka babu, sama da haka jini ya san abincin. Amma jini ya san abu daban, abin ya cutar da kai daban. Mutane da yawa alkama na fitowa a takardarsu saboda suna da alajin ƙurar furen ciyawa, alhali kullum suna cin biredi da taliya lafiya lau. Da ƙanwata ta ga alkama ta ɗan hau sai hankalinta ya tashi, ta ce Yaya shi ke nan ba biredi ba alkaki ba funkaso? Likitan ya tambaye ta, Hajiya yana cin biredi? Ta ce kowace safiya. Ya taɓa yi mai wani abu? A'a. Ya ce to ya ci gaba da ci, sha'ir ɗin za mu kiyaye. Wallahi tausayi nake ji in na ga an hana yaro rabin abincin gida yana ramewa saboda takarda kawai. Kuma girman lambar ba ya faɗa maka tsananin da abin zai yi in ya taso. In akwai shakka likita na iya ba da abincin kaɗan-kaɗan a gabansa cikin asibiti, don Allah kar a gwada wannan a gida.

Akwai wani gwajin da ake tallatawa na IgG mai jero abinci sama da ɗari, ƙungiyoyin likitocin alaji ba su yarda da shi ba, abin da ka saba ci kawai yake nunawa, riƙe kuɗinka.

In kuma matsalar gudawa ce mai daɗewa da kumburin ciki da rashin girma, wataƙila cutar siliyak ce, wadda cin alkama da sha'ir ke ɓata hanji, gwajinta daban ne ana ce mai tTG, kuma kar a daina cin alkama kafin a yi shi don sakamakon na iya fitowa ƙarya.

Kafin sakamako ya fito ka riƙa duba bayan kwali da gwangwani, in ka ga an rubuta malt ko barley, wato sha'ir, ajiye shi, Bournvita da Ovaltine ma suna ciki. In kuwa numfashi ya fara sarƙewa ko harshe ya kumbura ko yaro ya yi laushi, ba zancen manja ba zancen Piriton, a tari Keke Napep ko kabu-kabu a nufi asibiti nan take, allurar adrenalin ake buƙata.