Yadda ake gane iccen da ba a sani ba ta zaman ganyensa a jikin reshe

Sassabin zamani, wato raya itatuwa daga tohon kututture a gona maimakon sare shi duka, ya dogara ne ga shawarar da manomi yake yankewa a gaban kowane kututture: wannan tohon a bar shi ya zama icce, wancan a sare. Tun 1983 da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara wannan aiki tare da manoman jihar Maradi, har ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka yi suna a kansa, masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin Nijar da suka sake rufuwa da itatuwa sun kai kimanin hekta miliyan 5. Amma toho ba ya da fure, ba ya da 'ya'ya, ba ya da tsawon da za a hango shi daga nesa a ce ga gawo ko ga tsamiya. Ganye kawai yake da shi. Dattawan karkara sun san su da kallo ɗaya. Matasan da suka tashi a birni suka gaji gona, da 'yan makaranta, da duk wanda ya tarar da baƙon tsiro a tsakar gida, su ne ke buƙatar hanya mai tsari. Ga ta.

Mataki na farko: zaɓi reshen kirki

Ka nemi reshen da ganyensa ya ƙosa, wanda awaki ba su gwaigwaye ba. Ka duba rassa uku ko huɗu a wurare dabam-dabam, domin tohon kututture yakan fitar da ganye manya fiye da ƙima, kuma reshen da aka sha cinyewa yakan cunkushe har tsarinsa ya ɓace. Ba sai ka karya ba, lanƙwaso shi ya isa. Idan ka ga farin ruwa yana fita daga inda ya ƙuje, kamar yadda tumfafiya ke yi, ka kiyaye idonka ka wanke hannu.

Mataki na biyu: gane inda ganye ɗaya ya fara

A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata, don haka zan daɗe a kansa. Ɗauki bedi, wanda babu unguwar Maradi da ba ta da shi. Abin da ake tsinkowa a kira ganyen bedi, ɗan siririn nan mai baki zarto-zarto, ɗan ganye ne kawai. Cikakken ganyen shi ne dogon tsinken nan gaba ɗaya tare da duk 'ya'yan da ke jere a gefensa biyu. Wanda bai san haka ba zai ga 'ya'yan suna fuskantar juna ya ce ganyen bedi biyu-biyu yake fita, alhali ɗaya-ɗaya yake fita a jikin reshe. Daga nan duk abin da zai gina a kai ya karkace.

Abin da ke raba gardama shi ne ido. A hammatar kowane ganye na gaskiya, wato kusurwar da tsinkensa ya haɗu da reshe, akwai ɗan ƙaramin ido wanda daga cikinsa sabon reshe ko fure ke fitowa. Ɗan ganye ba ya da wannan ido a gindinsa. Saboda haka ka sa yatsa a kan kowane koren abu, ka bi tsinkensa ka yi ƙasa har sai ka tarar da ido. Inda ka same shi, nan ganye ya fara, duk abin da ke sama da wurin ganye ɗaya ne ko da 'ya'yansa sun kai ɗari. Wani lokaci idon ƙarami ne ƙwarai, sai ka juya reshen wajen haske. Akwai kuma alamu biyu masu taimakawa: gindin tsinken ganye yakan ɗan kumbura, kuma idan icce ya kaɗe, tsinken yakan faɗo gaba ɗayansa ya bar tabo a jikin reshe. Reshe kuwa ba ya faɗuwa don lokacin kaɗewa ya zo.

Mataki na uku: ƙirga ganye nawa ke fita a gaɓa ɗaya

Yanzu da ka san ganye, ka dubi gaɓoɓin reshen. Zama uku ne. Ko ganye ɗaya a kowace gaɓa, wannan a dama, na gaba a sama da shi ta wani gefe. Ko biyu suna fuskantar juna a gaɓa ɗaya. Ko uku zuwa sama sun kewaye gaɓar.

Idan ka samu biyu-biyu, ka yi sa'a, domin itatuwan ƙasarmu masu wannan zama ba su da yawa. Sabara tana cikinsu, ita ce ta fi cika gonakin jigawa: ganyenta ƙarami ne mai launin toka-toka, idan ka juya bayansa za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe. Geza ma biyu-biyu take, amma ganyenta kore ne sosai, yana komawa ja-ja idan rani ya shiga, kuma ta fi son fako da ƙasa mai tsakuwa. Tumfafiya ba ta ɓuya, ga faɗin ganye ga farin ruwa. A fadama da bakin tafki kuwa, icce mai ganye biyu-biyu wanda yake da wani ɗan ɓawo tsakanin tsinkayen biyu a kan sabon toho, ka fara zaton giyayya.

Masu kewaye gaɓa sun fi ƙaranci. Taramniya ce za ka fi haɗuwa da ita: sau da yawa ganye uku ko huɗu a gaɓa, masu kauri, sababbinsu suna da danƙo a hannu. Sai dai ita ba ta tsaya kan zama ɗaya ba, a icce guda za ka iya ganin wani reshe biyu-biyu, wani ɗaya-ɗaya. Shi ya sa na ce a duba rassa da yawa.

Da rani, idan icce ya kaɗe sarai, ba a rasa hanya ba. Tabon da ganye ya bari yana nan, kuma tun da rassa daga ido suke fitowa, iccen da ganyensa ke zama biyu-biyu ƙananan rassansa ma sukan fito suna fuskantar juna.

Mataki na huɗu: ganyen falle ɗaya ne ko mai 'ya'ya?

Yawancin itatuwanmu ɗaya-ɗaya suke, don haka sai an ƙara tacewa. Idan ganyen falle ɗaya ne, dubi siffarsa da jijiyoyinsa. Kalgo yana da faɗi da kauri, an tsage shi daga sama ya rabu gida biyu. Dirga ma haka ganyenta yake rabuwa, amma ƙanana ne ƙwarai. Magarya da kurna suna da manyan jijiyoyi uku da suka taso tare daga gindin ganye, bambancinsu a baya yake: na magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kore. Anza da kanya kuwa ganyensu ba tsaga ba zarto, na anza ya fi tauri, jijiyoyinsa sun fito fili.

Idan mai 'ya'ya ne, ka dubi yadda 'ya'yan suka zauna. Aduwa biyu kacal gare ta a kan ɗan gajeren tsinke. Kuka kuwa 'ya'yan ganyenta, biyar zuwa bakwai, daga wuri guda suke bajewa kamar yatsun hannu. A nan ne amfanin mataki na uku yake fitowa fili, domin ɗinya ma haka ganyenta yake bajewa, sau da yawa biyar. Wanda ya dubi siffa kawai zai iya haɗa su a ƙuruciyarsu. Wanda ya dubi gaɓa ba zai haɗa su ba: ɗinya biyu-biyu take fuskantar juna, kuka ɗaya-ɗaya. A kula kuma, ƙaramar kuka da ganye falle ɗaya take farawa, sai ta girma yake rabuwa. Ina jin takaicin yawan 'ya'yan kukar da fartanya ke cinyewa saboda ba a gane su ba, iccen da ake sayen garin ganyensa da tsada a kasuwa.

Masu 'ya'ya jere a gefen tsinke kuma, ka dubi ƙarshen tsinken da bakin 'ya'yan. Tsamiya da maɗaci da biyu suke ƙarewa, na tsamiya ƙanana da yawa, na maɗaci manya kaɗan. Danya da ɗaya tilo take ƙarewa, ganyenta kuma a ƙarshen reshe yake taruwa. Bedi da maɗaci dangi ɗaya ne, amma ɗan ganyen bedi a lanƙwashe yake mai zarto, na maɗaci bakinsa sumul.

Akwai kuma waɗanda tsinken ya sake rabuwa zuwa ƙananan tsinkaye kafin 'ya'yan su fito. Zogale, wanda lambunan Jiratawa suka saba da shi, har sau uku yake rabuwa. Masu rabuwa sau biyu su ne gawo, bagaruwa, ɗakwara, ƙirya da ɗorawa, kuma ganye kaɗai ba zai raba maka su da sauƙi ba.

Mataki na biyar: ƙirga ƙaya

Ƙirya da ɗorawa ba su da ƙaya ko ɗaya. Ɗakwara, mai ba da ƙaro, uku take fitarwa a gaɓa: ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe suna duban sama. Bagaruwa biyu ce, dogaye farare miƙaƙƙu, jikinta baƙi-baƙi, 'ya'yanta kuwa majema sun san su, da su ake jeme fata. Gawo ma biyu ne, amma gajeru, rassansa fari-fari suna karkacewa a kowace gaɓa, ganyen yana da ɗan shuɗi-shuɗi. Babbar shaidarsa ita ce lokaci: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani. Wannan hali ne ya sa hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa, ba ya tare masa rana lokacin da yake buƙata, ga takin ganye da na dabbobin da suka sha inuwarsa da rani. A ganina, in mutum zai koyi gane toho ɗaya tak a gona, to ya fara da na gawo.

Ƙaya tana tabbatar da na baya ma. Aduwa ƙaya ɗaya take da ita a wajen kowane ganye, doguwa kuma koriya. Magarya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya mai ƙugiya.

Mataki na shida: tabbatarwa

Tuna inda kake tsaye. Kudu wajen Madarunfa da dajin Baban Rafi ruwa ya fi yawa, za ka iya cin karo da ɗinya, ƙirya da taura. Arewa wajen Dakwaro aduwa da dangin ƙaya sun fi yawa. Murza ganye ka shinshina ba laifi, amma kada ka ɗanɗana abin da ba ka sani ba, kada kuma ka jiƙa shi a matsayin magani don ya yi kama da wani. Ko anza da kowa ya sani, ba a cin ƙwayarta sai an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa.

Idan har yanzu kana shakka, ɗauki hoto da waya yadda gaɓa biyu ko uku za su fito, da bayan ganye, da ƙaya, da ɓawo. Hoton ganye ɗaya tsinkakke ba ya nuna zama, don haka ba ya da amfani sosai ko ga masani. Manhajar PlantNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka yi, tana ba da zato daga hoto, amma ka ɗauke shi zato ne, ka gwada shi da abin da idonka ya gani. Ka kuma yanki ɗan reshe mai gaɓa uku, ka shimfiɗa shi tsakanin takardu ka danne da abu mai nauyi, ka rubuta wuri da wata. Kai shi wurin tsohon manomi, makiyayi, masassaƙi ko mai maganin gargajiya, ka ce, "Baba, wane icce ne wannan, me ake yi da shi?" Ma'aikatan gandun daji da malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi su ma suna iya ba ka sunansa na kimiyya.

A gona kuwa, tohon da ba ka gane ba kada ka sare shi duka. Zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ka rage sauran da wuƙa mai kaifi kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ka ɗaura masa ƙyalle don masu noma su kauce masa, sannan ka sake duba shi a tsakiyar damina da kuma bayan kaka ka ga lokacin da yake riƙe ganye da lokacin da yake kaɗewa.