Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen tarar ruwan sama a tanki

Duk shekara da hadari ya fara haɗuwa sai in ga maƙwabta sun sayo tanki da bututu, an jona da indararo, shi ke nan wai an gama. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskure mafi muni shi ne barin ruwan farko ya shiga tanki. Kwanon rufin nan ya yi wata shida zuwa bakwai bai ga ruwa ba. Ƙurar hunturu ta kwanta a kai, ga kashin tantabara da na ƙadangare da jemage, ga busasshen ganyen darbejiya ya toshe indararo. Ruwan farko na wankin kwano ne. Shekarar da na kafa tankina mai lita 2,000, zumuɗi ya sa na tare shi tun ɗigon farko. Kafin mako biyu ruwan ya fara wari, yarana biyu suka kwanta da gudawa, ƙaramar har sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Da muka juye tankin, baƙar laka ce a ƙasa ta kai kaurin yatsu uku, da mushen ƙadangare a kwance a ciki. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Yanzu ruwan sama na farko da na biyu a shekara gaba ɗaya nake kora su gindin bishiya. Bayan haka, duk ruwan da aka yi ina zubar da kimanin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita na rufi. Nawa rufin mita 10 ne a 6, wato lita 60, kusan jarka biyu da rabi. A nan masu haɗa famfo ke yaudarar kansu: sai a sa guntun bututu mai inci 4 a tsaye, a ce ga ma'ajiyar ruwan datti. Tsawon mita ɗaya na wannan bututun lita 8 kacal yake ɗauka! Ni duro na sa a gaban tankin, sai ya cika sannan ruwa ya wuce. Kuma da an ɗauke ruwa a zubar da na duron, in ba haka ba gobe datti zai zarce kai tsaye.

Na biyu, haba jama'a, ɗankwali a bakin tanki ba ya tsabtace ruwa. Ganye da yashi yake tarewa, ƙwayoyin cuta kuwa wucewa suke yi. Alif ma laka kawai yake kwantarwa. Sau nawa zan ji ana cewa "ai ruwan Allah ne, dubi yadda ya yi garau"? Ya sauko da tsabta, amma ta kan kashin tsuntsu ya biyo. A gidana wanda za a sha sai an tafasa, ko a sa kilorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira minti 30. Wanki da wanka ne kaɗai ake ɗiba haka nan.

Sauran ƙanana ne. Raga biyu nake sawa, mai manyan ido a indararo, ta sauro a bakin tanki, kuma kar a manta da bututun da ruwa ke fita in tanki ya cika, ta nan sauro ke shiga ya yi ƙwai. Murfi ya rufu ruf, don haske ne ke kawo gansakuka. Kan famfo ya ɗara gindin tanki da kamu ɗaya. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, ko sau goma aka wanke ban yarda da shi ba. Rufin da aka liƙe da kwalta kuma, ruwansa na ban ruwan shuka ne.

Reshen da ya rufa kan kwano a sare shi tun watan Afrilu, a hau a share indararo kafin iskar farkon damina ta taso.